Baffanmu na neman titir (takardar mallakar fili) a kan gidan babanmu, ƙanena kuma kwanansa 4 a birgad (ofishin jandarma), ta ina zan fara?

Ɗan_Kolere:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Dan Allah masu sanin doka a cikinku ku taimaka min da shawara, wlh kaina ya kulle, rabona da barcin kirki tun ranar Alhamis.

Mu a Garwa muke, a Kamaru. Allah ya yi wa babanmu rasuwa wata biyu da suka wuce, ya bar innarmu da mu 'ya'ya biyar, maza uku mata biyu, ni ne babba. Gidan da muke ciki kakanmu ne ya fara zama a wurin tun zamanin Ahijo, shekarun 1960 da wani abu, lokacin bukka biyu ce kawai da dangar zana. Kakan ya rasu ban ma yi wayo ba. Babanmu shi ya rushe ginin ƙasa ya dinga ɗora na bulo ɗaki bayan ɗaki da ɗan abin da yake samu a sayar da atamfa a babbar kasuwa, har ya fitar da shago ɗaya a bakin hanya wanda wani tela ke haya. Baffanmu, ƙanin baba, tun da ya yi aure ya tashi ya koma wata unguwa, ko bulo ɗaya bai taɓa sa wa gidan nan ba. Titir babu. Abin da muka tarar a akwatin baba wata tsohuwar takarda ce duk ta yi ja mai hatimin lawan, sai tarin rasit na wuta da na ruwa da sunansa.

Ana gama sadakar arba'in baffa ya sauya fuska. Ya zo ya ce wa inna ta fara haɗa kayanta ta koma wajen danginta a Gidar, ita kuwa tana cikin takaba ko tsakiya ba ta kai ba. Ya je ya ce wa tela daga yau shi zai dinga ba kuɗin haya, telan da dama wata biyar ake binsa, yanzu ya samu hanya, in na je ya ce baffa, in baffa ya je ya ce ni.

Toh ranar Alhamis ina kasuwa aka kira ni wai ga wasu mutane sun zo da mota, da mai awo da na'urarsa mai ƙafa uku, suna kafa born, wato duwatsun iyaka, a kusurwoyin gida baffa na tsaye yana nuna musu. Kafin in iso ƙanena, yaro ne ɗan shekara 22, zuciya ta ɗebe shi ya tumɓuke born ɗaya ya jefa a kwata, aka yi cacar baki ya ture baffa, gsky ya ture shi amma bai buge shi ba. Da magariba jandarma suka zo suka tafi da shi. Yau Litinin yana can, abinci muke kai masa, kuma wani a wurin ya ja ni gefe ya ce in kawo jaka 50 a sake shi a rufe magana.

Shin in biya? Kwana nawa doka ta ba su su riƙe mutum? Baffa zai iya fitar da titir da sunansa shi kaɗai mu muna zaune a ciki? Kuma inna auren masallaci ne kawai ba su je meri ba, wato ofishin magajin gari, ƙaramar ƙanwarmu kuma ba ta da ak de nesans, wato takardar haihuwa, an ce min duk wannan zai cuce mu. Don girman Allah wanda ya sani ya faɗa min.

Tsohon_ɗan_Dang:

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Allah ya jiƙan baba ya sa ya huta. Ni doka na karanta a jami'ar Ngawundare kuma ina aiki a ofishin wani avoka, wato lauya, amma ka ɗauki maganata a matsayin nuna hanya, dole ka zauna da avoka ido da ido ya ga takardunku.

Fara da yaron, sbd shi ne abin da ba ya jira. Dokar shari'ar laifuka ta 2005 wadda ta fara aiki a Janairun 2007, sashe na 119, ta ce gardavi, wato tsare mutum a birgad don bincike, awa 48 ne, ana iya sabunta shi sau ɗaya. Bayan nan sai da izinin purokire, wato mai gabatar da ƙara na gwamnati, a rubuce, shi ma sau biyu kawai kuma sai da dalili. Ƙidaya da kanka, daga magaribar Alhamis zuwa magaribar yau Litinin awa 96 sun cika. Ma'ana daga daren yau ko dai akwai takardar purokire a dosiyensa, wato fayil ɗinsa, ko a kai shi parke, ofishin purokire kenan, ko a sake shi. Akwai ma sashe na 118 da ke cewa mutumin da aka san gidansa ba a tsare shi haka kawai sai in babban laifi ne ko an kama shi yana cikin aikatawa, to su a nan za su fake, za su ce a kan idon mutane ya yi. Kuma kar in ɓoye maka, cire born laifi ne a kod penal, dokar hukunta laifuka, ba abin wasa ba ne, yaron ya ba baffa makami da hannunsa. Amma wannan kotu ce za ta duba, ba ɗan birgad ba.

Jaka 50 ɗin nan babu ta a kowace doka. Ba a biyan kuɗi don fita daga gardavi, babu rasit, kuma in ka biya ƙarar baffa tana nan daram, gobe a sake kiransa. Gobe da sassafe ka je parke da takarda gajeriya zuwa ga purokire, ka rubuta sunan yaron da rana da awar da aka ɗauke shi da inda yake, ka yi kwafi biyu a buga maka tambari a ɗaya ka riƙe. Sau da yawa waya ɗaya daga parke ta isa. In abu ya ƙi, akwai ƙarar neman saki nan take a gaban shugaban babbar kotu, TGI, sashe na 584. Kuma kuna da damar ganinsa a lokutan aiki, shi ma yana da damar neman likita ya duba shi da kuma yin shiru har avokansa ya zo. Ka ja masa kunne kar ya sa hannu a takardar da ba a karanta masa ba.

Yanzu gidan. Nan ne na fi jin tsoro, fiye ma da birgad, don yaro zai fito in sha Allahu amma titir in ya fita fitar da shi daga hannun mutum sai an sha wuya. Tun dokokin ƙasa na 6 ga Yuli 1974, duk filin da ba shi da titir yana cikin abin da ake kira filin ƙasa, wato ku masu zama ne da amfani, ba masu mallaka ba a idon gwamnati. Takardar lawan shaida ce mai amfani amma ba mallaka ba ce. Sai dai wanda ya zauna ko ya raya wuri kafin 5 ga Agusta 1974, shi da zuriyarsa suna da damar neman titir kai tsaye, kuma kakanku ya cika wannan sharaɗi. Abin da baffa ya yi kenan, ya kai buƙata ofishin sufurefe, wato wakilin gwamnati mai mulkin gunduma, mutanen da ka gani kwamitin da ke zuwa duba wuri ne, sufurefe ko wakilinsa ke jagoranta, da mutanen kadastir masu awon filaye, da mai unguwa da dattawa biyu. Tambayar da nake so ka yi wa kanka ita ce wane mai unguwa da waɗanne dattawa ne suka tsaya suka ce wurin na baffa ne alhali kowa ya san waye a ciki shekara da shekaru?

Maganinsa opozisiyo, wato ƙin yarda a rubuce. Dokar 1976 da aka gyara a Disambar 2005 ta ba duk mai haƙƙi dama ya yi tun daga ranar da aka ajiye buƙata har kwana 30 bayan an buga sanarwar kammala kafa born a mujallar sanarwar filaye ta jiha. Kar ka jira mujallar, waye a cikinmu yake ganinta? Cikin satin nan ka rubuta, ku biyar da inna ku sa hannu, ka kai wa sufurefe ka kai wa mai ajiyar rajistar filaye a ofishin domen, ko'ina a buga maka tambarin karɓa. Ka haɗa kwafin takardar lawan da rasit ɗin wuta da ruwa, su ne ke nuna wa ya raya wurin. Muddin opozisiyo na nan ba a warware ba, ba za a fitar da titir ba, maganar za ta hau teburin gwamna, wanda bai gamsu ba ya je wajen ministan filaye, daga nan kotun da ke shari'a da hukuma wadda akwai ta nan Garwa. In kuwa kuka yi sakaci titir ya fita, doka na cewa ba a ja da shi, sai dai ku roƙi minista ya janye in kun tabbatar da maguɗi ko kuskuren hukuma, ko ku bi baffa diyya, shari'ar da na ga tana cin shekaru.

Sai na uku, takardar rasuwar baba. Kun yi ta a meri? In ba ku yi ba ku ruga kafin kwana 90 su cika, in ba haka ba sai ta kotu. Da ita za ku yi taron dangi a rubuta sunayen magada da wanda zai kula da dukiya, a kai kotu ta fitar da hukuncin gado, jijma deredite. In babu shi, ba banki ba domen ba tela, babu wanda zai saurare ka a matsayin mai magana da sunan magada. Kuna iya kai wa kotun al'ada ta mataki na farko, TPD, inda ake zama da masu taimaka wa alƙali da suka san al'adar mutanen, ko TGI mai aiki da rubutacciyar doka. Ka sani TPD sai kowa ya yarda, in ɗaya ya ce bai yarda ba tun kafin a shiga cikin magana, ta koma TGI.

Almajirin_Yelwa:

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un, Allah ya gafarta masa ya ba ku haƙuri. Ɗan Dang ya yi bayanin ɓangaren hukuma, ni zan ɗan taɓa na addini don kar a tafi da rabin magana.

A abin da mahaifinku ya bari, baffanku ba shi da ko sisi. Ɗan uwa ba ya gado inda akwai ɗa namiji, wannan ba wurin saɓani ba ne. Bayan an biya bashi an zartar da wasiyya in akwai, innarku tana da tumuni, ɗaya cikin takwas, saura naku, namiji rabon mata biyu. In iyayen mamacin duk sun riga shi, lissafin daga 64 yake fita, inna 8, kowane namiji 14, kowace mace 7.

Amma ɗana ka saurare ni da kyau, kar fushi ya rufe maka ido. Kai da bakinka ka ce filin na kakanku ne. An raba gadon kakan? In ba a raba ba, to baffanka yana da haƙƙi a cikin ƙasar, ba ta wajen babanku ba, ta wajen nasa uban, haka goggonninku in akwai su, ko sun yi aure a Pitowa ko a Yola haƙƙinsu na nan bai mutu ba. Ginin na babanku ne tunda shi ya yi da guminsa, ƙasar kuwa ta magadan kaka ce gaba ɗaya. Wannan shi ne ciwon da ke cin gidajenmu, tsoho ya rasu a ce kunya, a ce kar a taɓa, a bar wa babba ya riƙe, shekara talatin ta wuce sai jikoki su tashi da gaba. Baffa ya yi zalunci da ya nemi ya haɗiye duka a ɓoye, ku ma kar ku yi irin nasa ku ce ba shi da komai. Yadda malamai ke yi, a kira masu sanin farashi su yi wa filin kuɗi shi kaɗai ban da gini, a fitar wa baffa da goggonni rabonsu, ku biya su ko da kaɗan-kaɗan ne, a rubuta da shaidu.

Maganar tashin inna kuwa, mai takaba a ɗakin mijinta take zama wata huɗu da kwana goma, wannan umarnin Allah ne ba alfarmar baffa ba. Bayan takaba ma tana da tumuninta a gidan kuma 'ya'yanta ne masu saura, wa zai tashe ta?

Shawarata ku kai maganar fada, gaban alƙalin lamido, kafin ku tsunduma kotu. Can ana jin Hausa da Fillanci, ana sanin asalin kowa, kuma dattijo ya fi jin kunyar fada a kan kotu. Ƙaninka kuma in ya fito ya je ya ba baffansa haƙuri a kan turewar, uba ne, wannan daban haƙƙin gida daban.

Maman_Ummi_Domayo:

Ɗana sannu, Allah ya jiƙan mahaifinku. Ina karanta rubutunka hawaye na zubo min sbd abin da ya same ni kenan a Marwa shekara shida da suka wuce, kaman ka leƙa rayuwata ka rubuto.

Maigidana ya rasu ya bar ni da yara huɗu, babban ko sakandare bai gama ba. Ina cikin takaba ƙannensa suka zo suka cire ƙofar ɗakinsa suka kwashe takardu har da katin bankinsa, ina zaune a kan tabarma da carbi ina kallo ban iya cewa uffan ba. Mu ma auren masallaci ne, goro da dabino da shaidu, ban taɓa tunanin wata takarda ba. Ranar da na fara zuwa kotu matar da ke karɓar dosiye ta ce madam ina ak de mariyaj, wato takardar aure, na ce ai duk unguwa sun san ni matarsa ce shekara 17, ta dube ni da tausayi ta ce unguwa ba ta shiga dosiye. Wlh ranar na koma gida a ƙafa daga kotu har Domayo ban san na yi tafiyar ba.

Abin da ya cece ni 'ya'yana ne, uku suna da ak da sunan ubansu a kai. Ta huɗun ba ta da shi, irin ƙanwarka, a gida aka haife ta muka yi ta cewa gobe gobe. Sai da muka bi ta jijma supletif, wato hukuncin kotu da ke ba da damar yin ak bayan lokaci ya wuce, aka kai ta asibiti likita ya ƙiyasta shekarunta ya ba da takarda, meri ta ba da takardar cewa ba ta cikin rajista, muka kawo shaidu kotu, sannan aka koma meri aka yi mata ak. Ya ci wata da watanni da kuɗin mota da tambur, amma ya fita, kuma da shi ta zauna jarrabawar CEP ta gama firamare, da babu da ta tsaya a aji shida kaman 'ya'yan maƙwabta da yawa da nake gani. Ka fara nata yanzu yanzu kar ka jira ranar zaman gado, kuma ka tambaya a meri ko akwai zaman kotu na tafi-da-gidanka da ake yi wa yara marasa ak, in ka dace da shi ya fi sauƙi.

Ga abin da wata avoka a wata ƙungiyar mata ta karanta min wanda da na san shi tun farko da ba a cire min ƙofa ba. Dokar 1981 ta rajistar haihuwa da aure da mutuwa, sashe na 77, ta ce in miji ya mutu danginsa ba su da iko a kan matar ko 'yancinta ko rabonta na dukiya. Kuma kod penal na 2016 ya sa korar mutum daga gidan aurensa cikin laifuka, sashe na 358-1, in ma wani ne ba mijin ba ya yi korar hukuncin ya fi tsanani, shekara 2 zuwa 5. Ta ce min rashin takardar aure na iya sa a yi ta ja-in-ja a kan wannan, amma ko karanta wa mutum shi a gaban dattawa yana sa ya shiga taitayinsa, kuma haka aka yi.

Malam na Yelwa gaskiya ya faɗa a kan fada, amma Malam ka yi min afuwa, ni na je, aka yi sulhu da baki aka yi fatiha aka watse, bayan wata uku suka ce ba su san zancen ba. Duk abin da aka yanke a rubuta, kowa ya dangwala yatsa.

Kuma ka kula da innarka, a irin wannan lokaci mace ba ta cin abinci ba ta faɗa. Kar ta bar gidan ko na kwana ɗaya da sunan a bari ƙura ta lafa, in ta fita komawa sai Allah.

Alhajin_Kuseri:

Allah ya jiƙan musulmi. Ni ba malami ba ba avoka ba, ɗan kasuwa ne, kullum ina kan gadar Ngeli tsakanin Kuseri da Injamena, amma maganar tela na san ta don ta ci min kuɗi.

Kar ka kuskura ka sa wa shagon kwaɗo ko ka fitar masa da keken ɗinki waje, ranar za ka bi ƙaninka birgad. Hayar shago ba kaman hayar ɗakin kwana ba ce, tana ƙarƙashin dokar OHADA, dokar kasuwanci ta ƙasashe 17 da aka sa wa hannu a 1993, Kamaru da Cadi da Nijar duk suna ciki, Nijeriya ce babu, ofishinta ma a Yawunde yake babbar kotunta a Abijan. Shi yasa abin da na koya a wannan gaɓa ya yi min aiki a waccan. Mai haya in ya ƙi biya, wisiye, wato jami'in kai takardun shari'a, ake sa wa ya kai masa takardar gargaɗi a ba shi wata ɗaya, in bai biya ba sannan kotu ta raba hayar ta fitar da shi. Kuma wanda ya shekara biyu yana sana'a a shago yana biya yadda ya kamata yana da haƙƙin a sabunta masa, in ka ƙi sai ka biya shi diyyar tashi, mutanenmu da yawa ba su san wannan ba.

Akwai kuma hanya gajeriya ta karɓar bashi, umarnin biya daga shugaban kotu ba tare da dogon zama ba. Na yi ta a kan wani da ya karɓi buhunan albasa ya dinga min yawo da hankali, abin da ya taimake ni takarda ce guda da ya sa hannu a bayan rasit. In babu rubutu ba ta tafiya. An gyara dokar a 2023 ta fara aiki Fabrairun 2024, yanzu kwana 10 ne mai bashi ke da shi ya yi jayayya, da 15 ne.

Wasu za su ce maka ai rashin biyan haya wata biyu ɗauri ne a Kamaru. Eh akwai shi a kod penal na 2016, wata 6 zuwa shekara 3, amma sai hayar da aka yi wa rajista a ofishin haraji, kai kuwa na tabbata babanku da tela da baki suka yi. Ni a ganina ka samu telan da daddare bayan ya rufe, ba a gaban mutane ba, ka ce ya rubuta wata biyar ɗin da ake binsa ya sa hannu, kuma ya riƙe kuɗin kar ya ba kowa har hukuncin gado ya fita.

Tsohon_ɗan_Dang:

Alhaji ya yi daidai, abin da zan ƙara shi ne tela ya sani in ya biya wanda ba shi da hurumin karɓa ana iya sa shi ya sake biya, wannan kaɗai zai sa ya daina ba baffa.

Malam, Allah ya ƙara ilimi, ban ƙi fada ba ko kaɗan, dokar sarakuna ta 1977 ma ta yarda su yi sulhu tsakanin mutanensu. Abin da nake tsoro kwanakin ne. Ranakun opozisiyo ba sa tsayawa don ana zama a fada, ana iya yi masa sai Juma'a mai zuwa sai bayan Salla har lokaci ya ƙure. Ya ajiye takardarsa tukuna sannan ya je sulhu da kwanciyar hankali, in an daidaita ai janyewa minti biyar ne. Kuma maganar da ka yi ta haƙƙin baffa da goggonni ita ce ma ya kamata ya rubuta a ciki, cewa filin na magadan kaka ne duka ba na mutum ɗaya ba, wannan ya fi ƙarfi a kan ya ce namu ne mu kaɗai.

Ɗan Kolere in kuɗin avoka ya fi ƙarfinku akwai dokar taimakon shari'a ta 2009, ana ajiye buƙata a kotun tare da takardar shaidar rashin hali, ka tambaya a giref, ofishin magatakardan kotu.

Ɗan_Kolere:

Jama'a Allah ya saka muku da alheri, wlh ban san da bakin da zan gode ba. Na ɗan yi shiru kwana biyu sbd zirga-zirga.

Talata da safe na je parke da takarda kaman yadda yaya na Dang ya ce, wani ɗan unguwarmu malamin makaranta ya rubuta min da Faransanci. Na zauna a benci tun ƙarfe takwas har kusan azahar, aka karɓa aka buga min tambari. La'asar sai ga waya wai in zo. An sake shi amma an ce ƙarar tana nan, za a kira shi. Jaka 50 ban ba kowa ba. Ya rame, duk sauro ya cinye masa ƙafa, yana shiga gida inna ta riƙe shi ta kasa magana.

Opozisiyo na kai jiya Laraba wuri biyu, inna ta dangwala yatsa mu muka sa hannu. A domen na ga dosiyen da idona, sunan baffa shi kaɗai, an rubuta wai shi ya gina. Takardar rasuwa ashe ba mu yi ba, saura mana kwana ashirin da 'yan kai, na karɓo ta asibiti yau gobe sai meri.

Malam maganarka ta tsaya min a rai. Na tambayi inna da daddare ta ce gaskiya ba a taɓa raba gadon kaka ba, kuma akwai goggonmu biyu, ɗaya a Pitowa ɗaya ta rasu ta bar 'ya'ya. Na kira ta Pitowan, ba ta ma san baffa ya kai takarda ba, ta ce Asabar tana tafe kuma ita za ta shige gaba zuwa fada. Ƙanena ya ce ba zai ba da haƙuri ba, na ce sai ya je, muna nan muna ta fama.

Mama ta Domayo, inna ta ce in gaishe ki sosai, na karanta mata naki har sau biyu. Dan Allah takardar likitan nan ta ƙiyasta shekaru, kowane asibiti ne ke bayarwa ko sai na gwamnati? Kuma shaidun nawa kika kai?